Kangon fili a tsakiyar Yamai: a dasa itatuwa ko a ta da benaye?

Duk lokacin da wani fili ya zama kango a tsakiyar birnin Yamai, ko don gobara, ko don an ta da wata ma'aikata an kai ta wani wuri, ko don an rushe tsohon gini, sai gardama ta tashi. Wasu su ce a ba masu hali su gina dogayen benaye irin na manyan biranen duniya. Wasu kuma su ce a dasa itatuwa, a ajiye kujeru, a bar wa jama'a wurin shan iska. Ana yin wannan gardama a ofisoshi, ana yin ta a fadar samari wajen shan shayi, kuma ba ta wasa ba ce, domin abin da aka yanke yau a kan fili guda shi ne jikoki za su tarar.

Mutanen Yamai sun san yadda kango yake a tsakiyar gari. A shekarar 1982 wuta ta cinye Babbar Kasuwa, aka sake gina ta a wurinta, aka buɗe ta a 1987. A watan Afrilu na 2012 wuta ta cinye Ƙaramar Kasuwa, filinta kuwa ya yi shekaru a buɗe, kowa ya wuce sai ya faɗi abin da ya ga ya dace a yi da shi. Filin kasuwa yana da masu haƙƙi na musamman, wato ƴan kasuwar da suka yi asarar rumfunansu, kuma duk hukuncin da ya shafi irin wannan wuri sai an ji ta bakinsu. Amma akwai wasu filaye da ke hannun gwamnati ko hannun ma'aikatar magajin gari: harabar tsofaffin ma'aikatu, gefen kwarin Gunti Yena, bakin kogi, da ƴan sararin da aka ware domin amfanin jama'a tun lokacin da aka yanka unguwanni. A kan irin waɗannan ne ake bukatar ƙa'ida guda wadda kowa ya sani.

Ƙa'idar da ta dace ita ce wannan: filin jama'a da ya rage babu gini a tsakiyar gari, a dasa masa itatuwa, a bar shi na kowa, bene kuwa a ta da shi a inda gini ya riga ya cinye ƙasa. Sai dai dashe kaɗai ba ya tsare fili. Dole a haɗa masa da takardar mallaka, da ruwa, da mai tsaro, da kuɗin kulawa na kowace shekara. In babu waɗannan huɗu, an jinkirta ranar sayarwa ne kawai.

Hujjojin masu son bene

Masu son bene suna da hujjoji masu nauyi, kuma adalci ne a jera su yadda suke. Ta farko ita ce yawan jama'a. Sa'ad da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka kawo shi Yamai a 1926, mutanen garin ba su wuce ƴan dubbai ba. Lokacin samun mulkin kai a 1960 sun kai wajen dubu 30. Ƙidayar 1988 ta sami kusan dubu 400, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Yawancin gidajen Yamai ba su da hawa, saboda haka garin sai faɗi yake yi, yana cin gonakin hatsi na ƙauyukan da ke kewaye da shi. Kowace sabuwar unguwa tana bukatar bututun ruwa, da turakun lantarki, da hanya, da makaranta, da gidan likita, kuma gwargwadon nisan unguwa, gwargwadon tsadar kai mata waɗannan abubuwa. Ma'aikacin da ke zaune a ƙarshen gari yana zuba wani kashi na albashinsa wajen taksi ko faba-faba kafin ya iso wurin aiki. Don haka, in ji masu son bene, tsakiyar gari inda ruwa da wuta da kwalta suka riga suka iso, nan ne ya kamata a tara mutane da ofisoshi, kuma barin fili a can babu gini almubazzaranci ne.

Hujja ta biyu ta kuɗi ce. Bene yana biyan haraji kowace shekara, yana ba magina da maƙera da kafintoci aiki, lambu kuwa ci yake yi. Baitulmalin magajin gari ba shi da yalwa, kuma an daɗe ana cike giɓinsa da kuɗin yankan filaye. Gwamnati ma da kanta, a farkon shekarun 2000, ta biya ma'aikata wani sashe na bashin albashinsu da filaye. Hujja ta uku kwarjini ne: baƙon da ya sauka babban birni yana auna ƙasa da abin da idonsa ya gani. A zamanin da yuraniyom ke da daraja, wato ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, an yi manyan gine-ginen ma'aikatu a Yamai. Domin taron shugabannin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 kuma an ƙara dogayen otel-otel, an gyara filin jirgin sama na Diori Hamani. Babu mai musun cewa waɗannan ayyuka sun sauya fuskar garin.

Inda hujjojin suka gaza

Tambayar farko da ya kamata a yi wa duk mai son dogon bene ita ce: wa zai zauna a ciki? Dogayen benayen tsakiyar gari na bankuna ne, da kamfanoni, da otel-otel. Kuɗin hayar ɗaki a cikinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta da ungozoma da ɗan sanda. Iyalin da ƙuncin haya ya kora zuwa ƙarshen gari suna nan inda suke, ko da an ta da bene goma a bakin Gadar Kennedy. Maganar yawan jama'a gaskiya ce, amma dogon bene guda a kan filin jama'a ba shi ne maganinta ba.

Lissafin ba shi da wuya, duk wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci zai iya bin sa. Bene mai hawa 15 da aka kafa a kan murabba'in mita 1000 yana ba da ɗakuna masu faɗin murabba'in mita dubu 15 gaba ɗaya. To, in gidaje 50 da ke bakin manyan tituna kowannensu ya ƙara hawa biyu, kowane hawa murabba'in mita 150, an sami dubu 15 ɗin nan daidai, ba a taɓa ko taƙi ɗaya na filin jama'a ba. Yamai kuwa tana da dubban gidaje marasa hawa a bakin kwalta. Ba kowane gini ne zai ɗauki hawa ba, sai masanin gini ya duba harsashi, hukuma ta ba da izni. Amma hanyar a buɗe take, kuma ribarta ta fi yaɗuwa. Aikin gidaje 50 yana shiga hannun magina na cikin gari, kuɗin hayarsu yana shiga gidaje 50. Dogon bene kuwa ƙarfensa da gilashinsa da na'urorinsa daga waje ake kawo su, ga shi Nijar ba ta da bakin teku, tashar jiragen ruwa mafi kusa da Yamai tana da nisan wajen kilomita 1000.

Akwai kuma maganar wutar lantarki. Gida mai hawa biyu ko uku da ƙafa ake hawansa, in an buɗe tagogi iska ta shiga. Bene mai hawa 15 ba ya rayuwa sai da na'urar hawa da sauka, da injin tura ruwa sama, da na'urorin sanyaya ɗaki dare da rana, musamman in bangonsa na gilashi ne. A watan Agusta na 2023, bayan takunkumin da aka sa wa Nijar, an katse layin da ke kawo wuta daga Nijeriya, wanda a lokacin shi ke ba da wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ake sha a ƙasar, kuma ba a maido shi ba sai a farkon 2024. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai ƙarfin megawat 30, da ta fara aiki a 2023, ta rage wahalar, amma kowa ya ga yadda gari yake in wuta ta yi ƙaranci. Ranar da wuta ta ɗauke a watan Afrilu, hawa na goma sha biyu tanda ne. Garin da ya ga manyan kasuwanninsa biyu sun ƙone kuma yana da haƙƙin tambaya, kafin a ba da iznin kowane dogon gini, ko tsanin ƴan kashe gobara yana kaiwa hawan ƙarshe.

Zafi da ruwan sama

Abin da fili mai itatuwa ke yi wa gari ba ya shiga littafin haraji, amma jiki yana jin sa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 kusan kullum. Siminti da kwalta da kwano suna shan rana wuni guda, da dare su amayar da zafin, shi ya sa tsakiyar gari ba ta hucewa da wuri kamar karkara. Itace kuwa yana tare rana kafin ta taɓa ƙasa, yana kuma jawo ruwa da saiwarsa ya fitar ta ganye, iskar da ke kusa da shi ta yi sanyi. Mai hali yana da lambu a gidansa da na'urar sanyi a ɗakinsa. Mai tura kura, da mai sayar da ruwa, da tsohuwar da ta zo asibiti daga ƙauye, da ɗalibin da ke neman inda zai yi bitar karatu, su ba su da wata inuwa sai ta jama'a. Tun zamanin mulkin mallaka aka jera maɗatai a titunan Filato, unguwar manyan ma'aikata, kwarin Gunti Yena ya raba ta da unguwannin talakawa. Har yau mai tafiya da ƙafa yana gane bambancin. Barin filin jama'a ga itatuwa hanya ce ta rage wannan rashin daidaito.

Shaida a kan bukatar tana nan a tsakiyar garin. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, mai ɗauke da sunan Bubu Hama yanzu, yana zaune a kan gangare mai itatuwa kusa da kogi. Wanda ya je can ranar salla ya ga yadda yara ke cika shi maƙil ba zai sake cewa mutanen Yamai ba su damu da wurin shan iska ba. Da waɗanda suka kafa shi sun sayar da gangaren, da yau babu inda za a kai waɗannan yara.

Ruwan sama ma yana da nasa lissafi. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In aka yi ruwa na milimita 50, abin da kan faru a dare guda cikin watan Agusta, lita dubu 500 ce ta zuba a kan hekta ɗin nan, wato cikin ganga 2500 masu cin lita 200. In ƙasa ce mai yashi da saiwoyi, ta shanye kashi mai yawa, ruwan ya gangara ƙarƙashi ya ciyar da rijiyoyi. In rufi ne da siminti, kusan dukansa titi zai nufa, ya cika magudanai, ya shiga gidajen da ke gangare. Kwarin Gunti Yena shi ne babbar hanyar da ruwan tsakiyar gari ke bi zuwa kogi, duk ginin da aka matsa a bakinsa an ƙuntata wa ruwa hanya ne. Gaskiya ne lambu na ƴan hektoci ba ya hana kogin Isa cika. A watan Satumba na 2020 kogin ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya mamaye Lamorde da Karaje da Kirkisoy. Wannan aikin madatsai ne da hana gini a gadon kogi. Amma ruwan da ke kwararowa daga rufi da tituna, shi gari yana da iko a kansa, kuma damina ta 2024, wadda ta yi sanadin mutuwar mutane fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta nuna cewa ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci ya zama abin da za a riƙa shirya wa.

Abin da ya faru a Nairobi

Akwai hujja guda da ta fi sauran nauyi. Filin da aka dasa wa itatuwa, in wata bukata ta gaske ta taso bayan shekara 30, mutanen wannan zamani suna da zaɓi a hannunsu. Filin da aka kafa wa bene mai hawa 15 ya tafi ke nan, domin babu hukumar da za ta biya diyya ta rushe shi don ta dasa tsamiya. Tsakanin shawara biyu, wadda ake iya warwarewa da wadda ba a iyawa, hankali yana bin ta farko muddin ba larura ta tilasta ba.

Yamai ba ita ce birnin Afirka na farko da ya tsaya a wannan mararraba ba. A tsakiyar Nairobi, babban birnin Kenya, akwai lambun jama'a mai suna Uhuru, wato ƴanci da harshen Suwahili, wanda shugaba Jomo Kenyatta ya buɗe a 1969. A 1989 aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa, da ofisoshi da kantuna da wurin ajiye motoci, da mutum-mutumin shugaban ƙasa na lokacin, Daniel arap Moi. An kiyasta kuɗin aikin wajen dalar Amurka miliyan 200, yawancinsu rance. Wata malama mai suna Wangari Matai, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu dashen itatuwa a 1977, ta rubuta wa ministoci da jaridu da masu ba da rancen, ta kuma kai ƙara kotu. Kotu ta kori ƙarar, aka zage ta a majalisar dokoki, aka fitar da ƙungiyarta daga ofishinta. Duk da haka maganar ta riga ta shiga kunnen jama'a. A farkon 1990 masu zuba kuɗi daga waje suka janye, a 1992 aka cire shingen da aka kewaye wurin da shi. A 2004 aka ba Wangari Matai kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Nairobi ba ta rasa benaye ba don an hana wannan guda. Ta ci gaba da yin su a wasu filaye, har ta zama cikin biranen Afirka masu yawan dogayen gine-gine, lambun Uhuru kuma yana nan. Abin lura a labarin shi ne yadda aka so yin aikin: an yanke shawara a ɗaki, jama'a ba su sani ba sai da magana ta fita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Darasin ɗamarar itatuwa

Masu son lambu su ma akwai gaskiyar da ba ta yi musu daɗi ba, kuma ba sai an je Kenya neman ta ba. A 1965 aka fara dasa ɗamarar itatuwa a bayan Yamai, domin ta tare ƙura da iskar hunturu. An tsara ta da tsawon kilomita 25 da faɗin kilomita 1, wato wajen hekta 2500, yawancinta bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. An yi shekaru masu yawa ana dashe, an kashe kuɗin ƙasa da na taimako, ƴan makaranta da ma'aikata da samari sun zuba guminsu. Sai gari ya girma ya cim mata, ya wuce ta. Abin da yake bayan gari ya koma cikin gari, ƙasarsa ta yi tsada. Aka yi ta gutsurarta: nan an yanka filaye, can an kafa gidan mai, gaba an zuba shara, wani wuri an sare don itacen girki, wani wuri marasa muhalli sun kafa bukkoki don ba su da inda za su. Babban sashe nata ya salwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce rashin iyaka bayyananniya a ƙasa, da gardamar mallaka tsakanin hukuma da magadan masu gonakin asali, da ƙarancin masu tsaro.

Nijar ba ta gaza wajen dashe ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin da ya ɗauki sunan garin. A kwarin Majiya na jihar Tawa, layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 sun tsare gonaki daga iska, kuma sun daɗe domin manoma sun ga amfaninsu a rumbu. Abin da ya bambanta Majiya da ɗamarar Yamai shi ne, can akwai masu ganin itatuwan nasu ne. Lambun tsakiyar gari da ba shi da fitila, ba shi da mai shara, ba shi da makewayi, cikin shekara biyu zai zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Daga nan maƙwabta da kansu za su roƙi a gina wurin su huta, mai kuɗin da ke jira kuwa ya samu a araha.

Maganar ruwan ban itatuwa ma ba ƙarama ba ce. Ruwan famfon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace a Gudel da Yantala, kuma tsofaffi ba su manta ba cewa a watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a gaban garin. Zuba ruwan sha a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin ta Turai, alhali wasu unguwanni na kwana a layin famfo, ba daidai ba ne. Lambun da ya dace da Sahel na itatuwan Sahel ne: maɗaci, da tsamiya, da aduwa, da bedi, da gawo wanda ke fitar da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa. Waɗannan ban ruwa na shekaru biyu ko uku na farko suke bukata, da kariya daga awaki, daga nan su riƙe kansu.

Birnin Alƙahira na Masar, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, ya nuna yadda ake haɗa lambu da sauran bukatun gari. A gefen tsohon birnin akwai wani tudun juji da aka yi wajen shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. A 1984 Aga Kan ya yi alkawarin mai da shi lambu, aka kashe wajen dala miliyan 30, aka buɗe lambun Al-Azhar mai hekta 30 a 2005. A ƙarƙashinsa an binne manyan tankuna uku na ruwan sha na birnin. Wajen haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddin, aka gyara ta, aka koya wa samarin unguwar Darbul Ahmar sana'ar gini da sassaƙa. Kuɗin shiga da na gidajen abinci su ke ɗaukar nauyin kulawa. Ba duk abin da aka yi can ne zai dace da Yamai ba. Kuɗin shiga, alal misali, zai kori waɗanda aka yi lambun dominsu. Amma hayar ƴan rumfuna a gefe, na masu shayi da masu tsire da mata masu abinci da masu sayar da dashe, tana iya biyan mai tsaro da mai shara, kuma masu rumfunan su ne za su zama idon wurin.

Abin da ya rage a yi

Aiki na farko na ma'aikatar magajin gari ne da ma'aikatar tsara birane: a ƙidaya dukan filayen jama'a da suka rage babu gini, a auna su, a kafa musu turakun iyaka, a buga jerinsu da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a manna a ofishin kowace gunduma, a karanta a rediyo. Filin da kowa ya san sunansa da faɗinsa yana da wuyar ɓacewa cikin dare. Na biyu, kowane filin da aka ware don itatuwa a yi masa takardar mallaka da sunan gari, a rubuta cewa ba a sayar da shi, ba a ba da shi jingina, ba a sauya masa aiki sai bayan taron jama'a da aka yi shela tun da wuri. Inda akwai magada masu da'awa ta gaskiya, a biya su diyya, a rufe maganar tun farko. Na uku, kada a dasa ko itace ɗaya sai an rubuta a kasafin kuɗi wanda zai ba shi ruwa da wanda zai tsare shi, a kuma damƙa kulawar yau da kullum ga mai unguwa da ƙungiyoyin mata da na samarin wurin. Na huɗu, a sauƙaƙa iznin ƙara hawa ga masu gidajen bakin manyan tituna, bisa sharaɗin binciken harsashi. Wanda kuma ya nemi iznin dogon bene a kan filinsa, a ɗora masa sharaɗin barin wani kashi na ƙasar babu siminti, da hanyar fita in gobara ta tashi, da gudummawa ga lambun da ya fi kusa da shi, tun da darajar gininsa za ta ƙaru da inuwar lambun.

Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da sauran lokaci fiye da Yamai, domin filayen tsakiyarsu ba su ƙare ba tukuna. Su ma sun san halin ruwa. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka ta da Maraɗi daga kwari aka mai da ita kan tudu, kuma a damina ta 2024 garin ya sake ganin ɓarna, a Damagaram kuwa tsohon masallacin Birni ya rushe. Tafkunan cikin gari da sararin da ke kewaye da su, waɗanda wasu ke gani kamar ƙasar banza, su ne ke karɓar ruwan da in an cike su zai nufi ɗakunan mutane. Tun ran gini ran zane: a ware su yanzu da ƙasa ke da araha.

Jama'a ma suna da nasu rabo. Duk wanda ya iya karatu, in akwai kangon fili a unguwarsu, yana da haƙƙin zuwa ma'aikatar magajin gari ya tambaya na wane ne, me aka tsara yi da shi, kuma a wace takarda aka rubuta. Ya karanta wa maƙwabtansa amsar. Ma'aikacin da aka yi wa tambayar kuma wajibinsa ne ya buɗe littafi ya nuna, domin amana aka ba shi. In ranar 3 ga Agusta ta zagayo, a kai dashen cikin gari, a filayen da aka riga aka yi wa takarda da iyaka, a kuma dawo a watan Afrilu a ƙidaya waɗanda suka rayu.